Linzamin da Na Cire

Jiya wani ɗan sa-kai daga wajen Anka ya ajiye mini oba-obarsa, 'yar na'urar nan ta hannu da suke magana da juna, a kan tebur, ya ce in cire masa abin nan da ke katse shi idan ya yi minti ɗaya yana magana. Na ce ba na cirewa. Ya ce zai ƙara mini wani abu, na ce ya kai gaba. Ku kuma da kuke zaune a bencin ƙofar shago kuna latse-latsen waya kuka kwashe da dariya, har ɗayanku yana cewa tsoho ya fara rikicewa, aikin danna lamba uku ne fa kawai. Gaskiyarsa, lamba uku ne. Na taɓa danna su sau ɗaya. Tunda kun ɗauka sana'ar nan canza gilashin waya ce da zuba waƙoƙi a memori, ku gyara zama ku ji abin da ya biyo baya.

A Gummi na koyi gyaran rediyo, wurin Malam Bawa, tsohon soja da ya yi aikin sadarwa a bariki ya dawo gida da kunne ɗaya. Ba mu da lantarki a rumfar. A garwashi muke dafa ƙarfen liƙi, ka ɗauko shi ka kara kusa da kumatunka ka ji ko ya yi, in ya wuce misali ya ƙone allon mutane, in bai kai ba dalma ta dunƙule ta ƙi kamawa. Shekara guda cur ban sa hannu a cikin rediyo ba. Hura gawayi, kankare bakin waya da reza, tsince ƙananan kusoshi daga ƙasa, aikina ke nan. Ku yau kwana uku kuke yi a shago ku buga kati da sunan injiniya.

Ranar da ya fara koya mini aiki na gaske, ba mita ya ba ni ba, ba sukundireba ba. Wasu tsofaffin oba-oba biyu ya zaro daga akwatin ƙarfe, ya ba ni ɗaya ya ce in tafi bakin mahauta in danna madannin gefe in karanta masa sunayen kakannina. Na tafi, na danna, na jero su har na ƙara da na aro. Da na dawo na tarar yana murmushi.

"Mi kaj ji?" ya ce.

Na ce ban ji komai ba.

"Sau ukku ina kiran ka jaki. Riƙe wanga, yaro, ka mutu da shi. In ka danna, kai kurma na. In ka saki, kai bebe na. Ba ka yin biyu lokaci guda."

Daga nan ya raba mini kayan magana gida uku, kuma har yau da rabon nan nake kallon duk abin da aka ɗora mini a tebur. Akwai rediyo, wadda magana ke fitowa daga tasha ta zo gare ka, ba ta komawa, ko ka shekara kana yi mata ihu. Akwai tarho, irin wayar da ke hannunku, mai hanya biyu a buɗe: kana faɗa ana faɗa maka, kana iya katse mutum a tsakiyar zancensa ka ce masa gidansa ya kama da wuta. Sai ta tsakiya, oba-oba, wadda hanyarta ɗaya ce ake karɓa-karɓa a kai, kamar gungumen da aka gitta a kan rafi. In wani ya hau, kowa sai ya jira ya sauka. Malam Bawa ya ce ta tsakiyar ce mai haɗari, don mutane suna ganin ta kamar ɗaya daga cikin biyun can, alhali ba ita ba ce.

Da na samu 'yanci na dawo Bukkuyum na kafa teburina, ina kuma bin kasuwannin ƙauye da akwatin kaya a bayan babur. Wayar hannu ta zo ta rage mana cinikin rediyo, na koyi gyaranta dole. Shekarar da gubar dalma ta riƙa ɗaukar yara a su Duza da Tungar Guru, sai da na daina liƙi a gaban mutane, don wata uwa ta ji an ce abin da ke hayaƙi a bakin ƙarfena dalma ne, ta fizge ɗanta ta bar mini rediyonta ba ta dawo ba. Na ɗauka shekarar da ta fi kowacce muni ke nan a aikina. Ashe da sauran aiki.

Bayan 'yan shekaru 'yan bindiga suka fara tare hanyoyi a ƙasar Gwashi. A tungayen can sabis ɗin waya sai ka hau suri ko ka hau reshen kuka, shi ma sai an yi sa'a. Garuruwa shida suka haɗa kai suka sayo oba-oba, kowane gari ɗaya, suka kira ni in haɗa musu. Na ɗaure eriya a kan gora na ɗaure gorar a bishiya, na ba kowa ɗan faifan sola na caji, na sa su duka a layi ɗaya. Na koya musu doka: sunanka, inda kake, abin da ka gani, ka saki. Sannan a cikin saitin kowacce na kunna agogon yanke magana. In mutum ya riƙe madanni minti ɗaya, sai ta daina aika muryarsa, ta yi ta yi masa ƙara har ya saki. Ban san sunan da masu ƙera ta suka ba shi da Hausa ba, ni linzami nake ce masa.

Akwai oba-oba ta bakwai, ita aka ba Sambo. Bafulatani ne da rugarsa ke kan tudu, tana kallon mashayar da mota ke ƙetarawa in za ta kasuwa. Tsohon mai kawo mini gyara ne. Yana da wata ƙaramar rediyo da ya ɗinka wa riga ta fata, duk bayan wata biyu sai ta faɗa ruwa ko saniya ta taka ta, ya kawo mini ita tare da ɗan man shanu a kwalba. Wasu sun ƙi a ba shi, suka ce yaushe za a ba Bafulatani kunnen gari. Wanda ya tsaya masa shi ne Magaji, dagacin garin da ya fi kusa da mashayar, wanda zan kira Tungar Magaji duk da ba sunanta ke nan ba. Ya ce shi ya san uban Sambo, a gonarsa shanunsu ke kwana duk rani, a ba shi. A cikin mutum bakwai ɗin nan Sambo ne kaɗai ya iya aikin tun ranar farko. "Sambo na, mashaya, lahiya lau." Ƙit, ya saki.

Magaji kuwa abokin mahaifina ne, Innata 'yar garinsa ce, ya goya ni a wuya ina yaro. Mutumin kirki, mai son gaisuwa. Kullum da hantsi sai a shimfiɗa masa buzu a ƙofar gida, ya ɗauki oba-oba ya bi garuruwan nan ɗaya bayan ɗaya yana gaishe da masu gari da sunayensu: kwanan iyali, gajiya, ruwa, lafiyar dabbobi. Ba ya jiran amsa. Shi zai tambaya, shi zai ce madalla, ya wuce gaba. A wurinsa gidan rediyo aka kafa masa a ƙofar gida, kuma mutanensa suna zama su saurara suna jin daɗi.

Mako uku da haɗawa na koma duba batura. Ya sa an yanka mini kaza. Bayan mun ci, ƙofar gida cike da dattawa, ya miƙo mini oba-obar da yatsu biyu.

"Garba, wanga abu naka ba shi da ladabi. Ina tsakiyar gaisawa da Marafa, shi kama yi mani ihu cikin kunne gaban jama'ata. Ɗebe mashi wagga tsiya."

Na ce, "Baba, don wasu su samu hanya na aka sa shi. In kana magana ba ka jin kowa."

"To mi nika son ji, ni da nika gaisuwa? Wa za ya riga ni magana da sahe?"

Aka yi dariya. Wani dattijo ya ce yaran yanzu har ƙarfensu sun koya wa katse manya. Ina tsugune, man kazarsa bai bushe a hannuna ba, ido kusan ashirin a kaina. Na san abin da Malam Bawa zai ce. Kunya ta hana ni faɗa, ba ni da wani dalili da ya wuce wannan. Na karɓa na danna lamba ukun nan na miƙa masa da hannu biyu, ya sa mini albarka. A hanya na ce wa kaina zuwa na gaba zan mayar a ɓoye. Na je sau biyu bayan nan, ban mayar ba.

Ranar da abin ya faru, farkon kaka ne, an fara yankan gero. Na riga kowa isa kasuwar mako da ke ƙetaren mashayar, na kafa tebur a gindin bishiyar bedi, na ɗaga eriyata, na kunna tawa oba-obar ta gwaji ina jera kaya. Magaji ya hau layi kamar kullum. An yi rasuwar wani limami a ɗaya daga cikin garuruwan, don haka ranar gaisuwa ta haɗu da ta'aziyya, ta'aziyya ta haɗu da tarihin mamacin tun yana ɗalibi.

Sai na ji wani siririn kuka a ƙarƙashin muryarsa, kamar sauro a kunne. Wanda bai san aikin ba zai ce iska ce. Ni na san shi. Ƙarar da ke fita ke nan in mutum biyu suka danna lokaci guda: mai ƙarfi ya danne mai rauni, sai kukan kawai ya rage. Eriyar Magaji tana kan doguwar gora, ta Sambo kuwa 'yar ta jikin oba-oba ce, don yana yawo da ita bayan shanu. Kukan ya zo, ya ɗauke, ya sake zuwa. Wani ne ke dannawa, ya saki ya ji ko hanya ta buɗe, ya sake dannawa. Ba mai yin haka don gaisuwa. Can Magaji ya ɗan juya, muryarsa ta yi ƙasa, na tsinci kalma biyu da muryar Sambo: "...mota... mashaya..."

Motar garin a-kori-kura ce guda ɗaya, Lawali ɗan Magaji ke tuƙa ta, kuma duk ranar kasuwa a ƙofar gidan uban take lodi. Kunne ɗaya tak garin ke da shi, ga shi a ƙarƙashin babban yatsan Magaji. Na danna tawa na yi ta ihu, ni da na fi kowa sanin ba ya ji. Na kira wayar Lawali, aka ce ba a samunsa. Na kira duk wanda nake da lambarsa a garin, haka. Mai shayin da ke kusa da ni ya soya ƙwai, ya kai, ya dawo, ya wanke kasko, Magaji yana kan addu'a. A wani wuri ma na ji ya ɗan kau da baki yana cewa, "Allah shi kiyaye hanya," na san motar yake ɗaga wa hannu. Kukan nan ya koma ɗaya dogo ba sakewa, daga nan ya ɗauke gaba ɗaya.

Da ya shafa fatiha ya saki, na faɗa layin.

"Baba, Garba na! Mota ta tashi?"

"Ta tashi tun ɗazu. Lahiya, Garba?"

"A tsai da ta! A bi ta da babur!"

Bai amsa ba. Daga baya na ji a daidai lokacin ƙarar bindigogi ta iso garin, ya saki oba-obar a kan buzu ya miƙe. Na kira Sambo ya fi a ƙirga, shiru.

Ba zan ba ku labarin mashayar ba. Na bi waɗanda suka je ɗauko mutane, na kama abin da aka ce in kama. An yi jana'iza bayan azahar. Lawali yana cikin waɗanda aka sa a ƙasa.

Da la'asar aka taru a ƙofar gidan Magaji. Dattawa a kan tabarmi, irina a gefe, samari a tsaye can baya jikin baburansu da bindigogin gida. Magaji ya fara magana, muryarsa ba rawa ko kaɗan, hakan ya fi ba ni tsoro.

"Ni nic ce a ba Bahillace amana. Kun hana, na ƙi. Rugarshi na kallon mashaya, ko akuya ta ƙetara shina gani. Abin ga na hannuna tun sahe, wallahi ban ji kiran kowa ba."

Ba ƙarya ya yi ba, bai ji ba. Na yi gyaran murya na ce, "Baba..." Dattijon da ke gabana ya dafa mini gwiwa ba tare da ya waiwayo ba, ya ce, "Babba na magana." Na ce a raina bari Magaji ya kai aya, yanzu zai tsaya. Ya shiga zancen uban Sambo, da gonar da ya ba su, da rijiyar da ya bar musu. Ina jira, ina tsara yadda zan faɗa ba tare da na kunyata tsoho mai makoki a gaban jama'arsa ba. Har ga Allah abin da ke raina ke nan, yadda zan faɗa da ladabi. Ban lura bayan taron ya fara raguwa ba sai da na ji baburan sun tashi can bayan gari, inda suka tura su don kada a ji.

A nan na miƙe tsaye a gaban dattawa, abin da ban taɓa yi ba, na ce Sambo ya kira. Na ce na ji shi da kunnena. Na ce tun kafin mota ta tashi yake kira, hanya ce ba ta buɗe ba.

Magaji ya juyo gare ni.

"In ina magana ban jin kowa?"

"Ba ka ji, Baba. Na hwaɗa maka rannan."

"Abin da ka katse ni, don haka na?"

"Don haka na."

"Kuma kaɗ ɗebe shi."

"Kai kac ce in ɗebe, Baba."

"Ni nas san aikin ga, Garba, ko kai?"

Ya lalubo oba-obar a kan buzu, ya danna. "Sambo, Magaji na. Samari na tahe. Tashi da iyalinka." Ya saki. Ban taɓa jin ya yi magana gajera haka ba. Duk muka kasa kunne, ba abin da ke fita sai shuuu. Ya sake faɗa, ya sake saki. Aka tura mutum biyu su bi samarin, amma babura masu lafiya duk sun tafi.

Kwana uku bayan nan ɗaya daga cikin samarin ya same ni a Bukkuyum. Ya ajiye oba-obar Sambo a kan teburin nan ya ƙi zama. Ya ce da suka isa rugar ba mata, ba yara, ba shanu, an kora su daji ba da jimawa ba, tukunya ma tana kan wuta. Sambo kaɗai suka tarar zaune a kan tabarma. Da ya gan su bai gudu ba. Ya miƙe ya nufo su da oba-obar a tafin hannu biyu, yana cewa ku duba, ku duba. Ya ce ba wanda ya duba, a nan suka kashe shi. Ban tambaye shi wa ya fara ba, shi ma bai faɗa ba.

Magaji bai ƙara gaisuwar safe ba. Ya ba wani oba-obar garin, ya koma zaure, damina ba ta zagayo da shi ba. Na bi garuruwan na duba linzamin kowacce, na rage shi zuwa rabin minti. An zage ni, wani mai gari ya ce ba ni da tarbiyya, na ce na ji. Fulanin da suka rage a gefen nan suka tashi a cikin watan, mashayar ta zama ba mai kallonta, hanyar kuma ta ƙara lalacewa.

Sai da na yi mako kafin na iya kwance ta Sambo. Kusoshi huɗu ne. Robar madannin ta yage, ɗan ƙarfen da ke ƙarƙashinta ya lotsa ciki ya ɓalle daga jikin allo. Na gyara waɗanda mota ta taka, na gyara waɗanda suka kwana a rijiya, ban taɓa ganin wadda yatsan mutum ya yi wa haka ba. Na duba sauran, batir lafiya, lasifika lafiya. Na kunna, sai ga muryar wani mai gari yana tambayar farashin dawa, tas. Wato ya ji addu'ar Magaji har ƙarshenta. Ya ji ni ina kiran sunansa. Ya ji an ce ya tashi da iyalinsa, ya tashe su, shi kuma ya zauna ya jira ya nuna wa mutane abin da ya hana shi amsawa.

Gyaran bai fi na minti biyar ba, ina da madannin a cikin gwangwanin can. Ban gyara ba. Ga ta nan a saman kanta, bayan kwalbar man shanu. Wanda ya ce lamba uku ne, ya tashi ya ɗauko ta ya danna ya gani. Duk Juma'a nake yi mata caji, kuma duk abin da ake faɗa a layin har yau tana ji.